Korfbal da Kofin Turai: ma'anarsu da asalinsu

Kalmar korfbal daga harshen mutanen Holan ta fito. "Korf" kwando ne, "bal" kuma ƙwallo. Da za a fassara ta kai tsaye da sai a ce ƙwallon kwando, to amma wasan Amurkawa ya riga ya kama wannan suna a bakin Bahaushe, ga shi kuma wasannin biyu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa gara a bar wa korfbal sunansa.

Wani malamin makaranta ne a birnin Amsterdam, Nico Broekhuysen, ya ƙirƙiro shi a 1902, bayan ya ga wani wasa makamancinsa a Suwidin. Damuwarsa ɗaya ce: yana da ɗalibai maza da mata, yana son wasan da za su yi tare ba tare da ƙarfin namiji ya danne mace ba. Duk dokokin wasan daga nan suka tsiro.

Kowace ƙungiya mutum takwas ce, maza huɗu mata huɗu. An raba fili gida biyu, a kowane ɓangare ƙungiya na da maza biyu da mata biyu, wasu na kai hari wasu na tsaron gida. Da zarar an ci ƙwallo biyu sai a yi musaya, masu hari su koma tsaro. Namiji namiji yake tsarewa, mace kuma mace. Ba a gudu da ƙwallo a hannu, ba a tafiya ana buga ta a ƙasa. In ta zo hannunka, ko dai ka miƙa wa ɗan'uwanka ko ka jefa.

Kwandon yana kan sanda mai tsawon mita 3.5, babu allo a bayansa, kuma ba a ƙarshen fili aka kafa shi ba, a ciki yake, don haka ana iya zagayawa a jefo ta baya. Dokar da ta fi ba baƙo mamaki ita ce ta tsaro. Idan abokin hamayyarka ya tsaya tsakaninka da sanda, yana fuskantarka, hannunsa a miƙe har zai iya taɓa ka, to an tsare ka, ba ka da izinin jefawa ko da ka fi shi tsawo da kamu guda. Sai ka yi dabarar zille masa tukuna. A ganina nan daɗin wasan yake, domin dogo bai da abin taƙama in ƙafarsa ba ta da sauri.

To, shi kuma Kofin Turai fa? In mai bin korfbal ya ambace shi, yana nufin gasar da a da zakarun ƙungiyoyin ƙasashen Turai kan haɗu su yi sau ɗaya a shekara, a ƙarƙashin hukumar wasan ta duniya, IKF, wadda aka kafa a Antwerp ta Beljiyam a 1933. An fara gasar a 1967, da ƙungiyoyi daga Holan da Beljiyam da Birtaniya, don a lokacin kusan nan kaɗai wasan ya yi saiwa. Daga baya aka samu ƙungiyoyin Jamus da Fotugal da Jamhuriyar Cek da yankin Kataloniya na Sifen da sauransu. Ba irin gasar ƙwallon ƙafa ba ce da ake jan ta wata da watanni ana gida da waje. A lokacin taruwa ake a gari ɗaya, cikin 'yan kwanaki a gama.

Sai dai sunan ya fi gasar faɗi. Kofin bai taɓa barin hannun ƙungiyoyin Holan da Beljiyam ba, kuma na Holan ne suka kwashe kaso mafi tsoka, irin su PKC ta garin Papendrecht. Ba abin mamaki ba ne in aka duba gasar duniya ta ƙasashe: tun da aka fara ta a 1978, sau ɗaya tak ta kuɓuce wa Holan, a 1991, Beljiyam ta ɗauka. A Kofin Turai, sauran ƙungiyoyin dai a lokacin na zuwa ne su yi kokawar matsayi na uku, su kuma ga yadda manya ke yi. A 2001 aka ƙara wata gasa ƙarama, Garkuwar Turai, don ƙungiyoyin da ba su kai ga babbar ba, aka bar 'yan Holan da Beljiyam a waje domin wasu ma su ɗanɗani nasara.

Daga kakar 2022 zuwa 2023 IKF ta haɗe gasannin biyu a tsari ɗaya mai matakai, ta kira shi Gasar Zakarun Korfbal, sunan da ko ba a faɗa ba an san daga ƙwallon ƙafa aka aro shi. Ƙungiya kan fara daga zagayen share fage, ta hau ko ta tsaya a matakin da ya dace da ƙarfinta. Saboda haka in ka ga "Kofin Turai" a labarin korfbal yanzu, tsohuwar gasar ake nufi, wadda aka fara a 1967.