Waiwaye: lambobin Janar Butler da yadda Amurka ta riƙa sauya ƙa'idar jarumta

A rundunar sojojin kundumbala na ruwa ta Amurka, wato Marin, mutum 2 ne kacal suka karɓi lambar jarumta mafi girma ta ƙasar, Medal of Honor, har sau 2 a fage daban-daban: Saja Dan Daly da Manjo-Janar Smedley Butler. Labarin Butler ya fi ɗaure kai, domin inda ya zubar da jini ba a ba shi lambar ba, inda kuma ya ce bai tsinana komai ba sai aka maƙala masa ita a ƙirji.

An haife shi a jihar Pennsylvania a 1881. Yana ɗan shekara 16 ya yi ƙaryar shekaru ya shiga soja a 1898, lokacin yaƙin Amurka da Sifaniya. Shekara 2 bayan nan aka tura shi ƙasar Sin murƙushe boren 'yan Boksa, wasu 'yan ƙasar da suka tayar wa baƙi 'yan ƙasashen waje. A Tiyanjin, ranar 13 ga Yuli, 1900, ya fito daga rami ana ruwan harsashi don ya ɗauko wani da aka harba, shi ma aka same shi a cinya. Ƙananan sojoji sun sami babbar lamba a wannan gumurzu, shi kuwa ko oho. Dalili? Tun da aka ƙirƙiro lambar a 1861, dokar sojan ruwa ba ta yarda a ba hafsa ba. Abin da ake yi wa hafsa shi ne ƙarin girma na karramawa, don haka aka kira shi kyaftin. Sai a 1921 aka ƙera wata lamba ta musamman, Brevet, aka bi hafsoshi irinsa da suka rage a raye aka ba su.

A 1915 majalisar dokoki ta buɗe wa hafsoshi ƙofa, sai abin ya zama rabon goro. Sojojin Amurka sun mamaye birnin Veracruz na Meziko a Afrilun 1914, faɗan 'yan kwanaki ne a kan tituna, amma aka raba lambar har 56, mafi yawa ga hafsoshi bayan sabuwar dokar ta fito. Butler, yana manjo a lokacin, na cikinsu. Ya mayar da tasa, ya ce bai yi abin da ya cancanci a ba shi ba. Hukuma ta dawo masa da ita tare da umarnin ya riƙe, kuma ya riƙa sawa. Soja ba ya musu da na gaba.

Ta biyun a Haiti ya samo ta, ranar 17 ga Nuwamba, 1915. Mayaƙan Kako masu ƙin mamayar Amurka sun fake a wata tsohuwar ganuwar Faransawa a kan dutse, Fort Rivière. Babu hanyar shiga sai wata kafar magudanar ruwa da mutum ɗaya kawai ke iya kutsawa, ana kuma harbi ta cikinta. Saja Ross Iams ya fara shiga, Butler da farabiti Samuel Gross suka bi shi. Aka yi gaba da gaba da adduna da duwatsu, cikin 'yan mintoci aka kashe Kako kusan 50, ba a rasa Ba'amurke ko ɗaya ba. Su ukun duk an ba su lambar. Kutsawa ta kafar nan sai mai ƙarfin hali, wannan ba gardama. Amma wanda ya dubi alƙaluman zai ga irin bambancin makamai da ke tsakani, kuma mutanen da aka kashe a ƙasarsu suke.

Yaƙin Duniya na Ɗaya bai kai shi fagen daga ba. Sansanin Pontanezen da ke Brest a Faransa aka ba shi, wuri mai taɓo da cuta, ya gyara shi, har da kansa yake ɗaukar katakon da ake shimfiɗawa a kan caɓi. A nan Faransa ta ba shi lambar Baƙin Tauraro, wadda asalinta daga Porto-Novo ne, a Jamhuriyar Benin ta yau: Sarki Toffa ya kafa ta a 1889 kafin Faransawa su mayar da ita tasu.

A 1919 aka ƙirƙiro wata lamba, Navy Cross, don jarumtar da ba ta kai ta ƙololuwa ba, aka kuma hana ba mutum ɗaya babbar lambar sau 2. Butler ya ajiye kaki a 1931. A 1935 ya fitar da ɗan littafinsa War Is a Racket, wato yaƙi damfara ce, a wata mujalla kuma ya siffanta kansa da ɗan daba da ya yi shekara 33 yana yi wa bankuna da manyan kamfanoni aiki a Meziko da Haiti da Nikaraguwa. Ya rasu a Philadelphia ranar 21 ga Yuni, 1940, lambar Veracruz na nan cikin kayansa.