Kafin kofin Oklahoma, sai da aka sha kashin maki 73

Har yau gardamar ba ta mutu ba a fadarmu ta unguwar Zariya. Da an zuba shayi na biyu sai wani ya tono ta: wai kofin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da Oklahoma City Thunder ta ɗaga a watan Yunin 2025 sa'a ce tsagwaronta, tunda agarar Tyrese Haliburton, tauraron abokiyar karawarta Indiana, ta tsinke tun farkon wasa na bakwai, wanda shi ne na raba gardama. Ƙanena kullum cewa yake: "Yaya, da bai faɗi ba, da labari ya sha bamban." Wataƙila. Amma ƙungiyar da ta ci wasa 68 cikin 82 a kaka guda ba daga sama ta faɗo ba.

Tsohon labarin, duk mai bin ƙwallon kwando ya san shi. A Seattle aka kafa ƙungiyar a 1967, ta ci kofi a 1979, ta yi ƙaura zuwa Oklahoma a 2008. A 2012 taurarinta Durant da Westbrook da Harden suka kai ta wasan ƙarshe, Miami ta doke su, daga baya kowa ya kama gabansa. A 2019 aka ba da tauraronta Paul George aka karɓo Shai Gilgeous-Alexander, wanda daga baya ya zama jigon ƙungiyar.

Daren da ba a cika tunawa da shi ba shi ne na 2 ga Disamba 2021. Memphis ta lallasa Oklahoma da ci 152 da 79. Tazarar maki 73 ke nan, irin wadda ba a taɓa gani ba a tarihin gasar. Mu a Maradi da asuba muka ga sakamakon. Ina tsaye wurin mai ƙosai na duba waya, na ɗauka kuskuren rubutu ne, sai da na sake buɗewa. Sati guda ana yi wa mai rigar Thunder ɗaya tilo na fadarmu dariya, har ya daina sa ta.

Abin da ya biyo baya shi ne zancen. Ba a kori koci Mark Daigneault ba, alhali shekararsa ta biyu ke nan a kan aiki. Ba a kuma kwashi kuɗi an sayo tsofaffin taurari don rufe kunya ba. A tsarin NBA na lokacin, ƙungiyoyin da suka ƙare a ƙasa su ke da babbar damar fara zaɓen sabbin matasa, su kuwa suka haɗiye zagi suka gama kakar da nasara 24 kacal. A zaɓen 2022 suka ɗauki Chet Holmgren a na biyu, Jalen Williams a na 12, shi kuma da gurbin da suka samo tun cinikin Paul George. Holmgren ya ji rauni a ƙafa kafin a fara, kaka guda cur bai taka fili ba. Suka jira shi.

Daga nan lissafi ya dinga hawa: nasara 40, sai 57, sai 68. Kocin da ya zauna a benci daren Memphis shi ne ya zauna daren kofi, da misalin ƙarfe ɗaya na dare agogonmu aka jefa ƙwallo. Abokin namu ya zo kallo da tsohuwar rigarsa, ta koɗe, ta kuma yi masa kaɗan.