Aikin gida ya ƙi ƙarewa: tambayoyin da aka fi yi kan shara, goge-goge da wanke-wanke

Mata da yawa in an zauna hira sai ki ji ana cewa aikin gida ba ya ƙarewa, kina gama nan can ya ɓaci. Ni dai abin da na lura shi ne rabin wahalar nan maimaici ne, aiki ɗaya ake yi sau biyu sau uku saboda an fara ta inda ya kamata a ƙare, ko kuma ana ta dirza da ƙarfin tsiya abin da ruwa zai iya saki da kansa in an ba shi minti goma. Ga dai tambayoyin da aka fi yi min.

Anti, na share ɗaki da safe amma kafin azahar ya koma kamar ba a taɓa shi ba, barin ma da hunturu. Me nake yi ba daidai ba?

Toh da farko ki kwantar da hankalinki, ba ƙazantarki ba ce. Ƙurar hunturu daga nesa take tasowa, mafi yawanta daga wani kwari ne da ake kira Bodele can arewacin Chadi, iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta tun daga ƙarshen Nuwamba har wajen Maris, kuma laushinta kamar fulawa ne shi ya sa ko kin kulle ƙofa sai ta shigo. Matsalar ita ce in kika sa busasshiyar tsintsiya kika hau shara da ƙarfi, ba kwashe ta kika yi ba, tashinta kika yi sama, ta yi ta yawo a ɗakin, bayan awa ɗaya ta sauko ta zauna kan talabijin da madubi da gadon da kika gama gyarawa.

Saboda haka ki fara daga sama ki gangaro. Yanar gizo-gizo a silin, fanka, saman wadirof, taga, teburi, sannan ƙasa ta zama ƙarshe. Kuma tsumma mai danshi za ki riƙe, ki jiƙa ki matse sosai, kar ki ɗauki busasshe kina kaɗe-kaɗe, kaɗewa dai canza wa ƙura wurin zama ne kawai. Ita fanka ki samu tsohuwar rigar filo ki zura fiffiken a ciki ki jawo, duk dattin zai tsaya cikin rigar maimakon ya zubo miki a ka da kan gado, ki tabbata kin kashe makunni ko da babu wuta dan kin san halin wutarmu, ba ta sallama in za ta dawo. Tsakar gida kuwa iyayenmu ba su yi kuskure ba da suke yayyafa ruwa kafin shara. In tayil ne a ɗakin, da hunturu ni ban ma ga amfanin tsintsiya kullum ba, ki tsince manyan datti ki bi da mofa mai danshi shikenan.

Sai kuma rage wadda ke shigowa. Tagogin da ke kallon gabas da arewa ki bar su rufe da safe in hazo ya yi yawa, ki cusa tsumma a ƙasan ƙofa, takalma su tsaya a waje, har na maigida.

Wanke-wanke ne ke kashe ni wallahi, musamman tukwane. Akwai dabara?

Akwai, kuma ba ta buƙatar ko sisi. Kina kwashe tuwo ko shinkafa ki zuba ruwa a tukunyar tun da zafinta ki rufe, kafin a gama cin abinci ƙanzon ya saki da kansa. Abin da ke sa mu raba dare muna kankare tukunya da cokali shi ne an bar ta ta bushe. In abinci ya kama sosai har ya yi baƙi, zuba ruwa da ɗan omo ki mayar kan wuta ya tafasa na 'yan mintuna, ki sauke ya huce, za ki ga yana ɓallewa.

Masu girki da itace ko gawayi, kafin ki ɗora tukunya ki kwaɓa toka da ruwa ko ki ɗan jiƙa sabulu ki shafe gindinta da gefenta. Baƙin zai hau kan abin da kika shafa ne, ranar wanki ruwa kaɗai ya kusa fitar da shi. Kuma kar ki raina toka, akwai sinadarin da ke narka maiƙo a cikinta, da ruwan toka ake haɗa sabulun gargajiya tun kaka da kakanni, shi ya sa tukunyar miyar manja take fita fes da ita. Amma tana cin hannu in an daɗe ana dama ta, ki shafa mai bayan kin gama. Kanwa ma tana yanka maiƙo sai dai tana dusar da tukunyar alminiyom ta yi duhu, kar ki bar ta ta kwana a ciki. Tukwanen zamani masu baƙin shafe a ciki waɗanda abinci ba ya kamawa, dan Allah kar soson ƙarfe ko toka su kusance su, soso mai laushi kawai.

Sannan jerin wankin kansa. Kofuna da cokula farko tun ruwan yana da tsabta, sai faranti, tukwane ƙarshe. Farantin da ya sha manja ki fara share shi da tsohuwar takarda ko dusa kafin ya shiga ruwa, in ba haka ba faranti ɗaya zai ɓata miki baho guda ki yi ta canza ruwa. Kuma lokacin da miya ke kan wuta kina tsaye kina jira, nan ne lokacin wanke turmi da wuƙa da abin markaɗe, kar ki tara su sai bayan an ci an ƙoshi jiki ya mutu.

Wata ta ce min in haɗa Hypo da Harpic da omo waje ɗaya, wai banɗaki zai fi fita da sauri. Gaskiya ne?

A'a, kar ki kuskura. Wannan shawarar tana yawo sosai kuma tana iya kai mutum asibiti. Hypo da Jik bilic ne, shi kuma maganin wanke masai irin su Harpic yawanci akwai asid mai ƙarfi a cikinsa, in suka haɗu iskar kilorin ce ke tashi, mai guba, tana ƙona ido da maƙogwaro ta toshe numfashi, ga banɗakunanmu ƙanana wasu ko taga babu. Haka bilic da khal, haka bilic da lemon tsami, duk abu ɗaya ne. Har po ɗin yara da fitsari ya taru a ciki, ki zubar ki ɗauraye tukuna kafin ki sa bilic. In har kin riga kin haɗa kika ji wari ya bugi hancinki kina tari, ki fita nan take ki bar ƙofa a buɗe, ki fitar da yara, in numfashi ya ƙi daidaita a tafi asibiti. Mai asma kuwa ko kusa kar ta tsaya.

Kowanne ki yi amfani da shi shi kaɗai, ki ɗauraye sosai kafin ki kawo ɗayan. Kuma saurin da kike nema yana wajen jira ne: ki zuba maganin masai ki tafi ki gyara gado ki share falo, ki dawo bayan minti goma ko sha biyar ki bi da buroshi sau ɗaya.

Wani abu kuma, bilic ba sabulu ba ne, datti yana kashe masa ƙarfi, sai kin wanke wuri da omo kin ɗauraye sannan ki bi da shi. Ba a kuma zuba shi tsagwaronsa. Ki duba jikin robar, in an rubuta 3.5% to kofi 1 a ruwa kofi 30 da 'yan kai ya isa goge ƙasa da ƙofar banɗaki. In amai ne ko gudawa ko jini, kamar lokacin da kwalara ke yawo da damina, sai a ƙara ƙarfi, kofi 1 a ruwa kofi 6. Da ruwan sanyi ake haɗawa, kuma na yau na yau ne, in ya kwana ƙarfinsa ya ragu.

Mu sayen ruwa muke wajen 'yan garuwa, jarka ba ta kai mana ko'ina. Ya zan yi tsafta ba tare da na ƙarar da ruwan ba?

Ruwa ɗaya zai iya yin aiki biyu. Ruwan ɗaurayar kaya na ƙarshe shi ne ruwan mofin ɗinki, ruwan kumfar wanki kuma ya tafi wanke banɗaki da kora masai, wanda kika wanke shinkafa ko alayyafo da shi ki yayyafa tsakar gida. A mofin ki ajiye bokiti biyu, ɗaya na omo ɗaya na ɗauraye mofa, kowanne rabi ya isa, na omon zai kai ki har ƙarshen gida bai yi baƙi ba. Ki rage omon ma, yawansa ne ke sa tayil ya yi danƙo ya riƙa kama ƙura kuma ya ci ruwan ɗauraya. Amma duk ruwan da kika ajiye ki rufe shi, sauro cikin kwana 7 zuwa 10 yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo.

Tayil ɗin banɗaki da kan famfo sun yi wani fari-fari, na dirje har na gaji bai fita ba.

Ruwan bohol ne, wani yana da gishirin ƙasa da yawa, in ya bushe sai ya bar wannan farin. Omo ba ya cire shi, abu mai tsami yake so. Jiƙa tsumma da khal ko ruwan lemon tsami ki naɗe kan famfon ki bar shi rabin awa sannan ki goge. Butar dafa ruwa ma haka, ki tafasa ruwa da khal a ciki ki ɗauraye. In dai dutsen mabul ne a gidan kar ki sa, tsami yana cinye masa ƙyalli.

Ina goge ɗaki amma sai ya riƙa wani ƙarni, ko na sa turaren wuta ba ya ɓoyuwa.

Mofarki ce. Ki wanke ta bayan kin gama ki shanya a rana kanta a sama, kar ta kwana cikin bokiti. Turare a kan ƙarni kuwa ƙara dagula lamarin yake.

Ni amarya ce, goge kayan jere kawai yana cinye min safiya. In kwashe su kuma a ce na raina abin da iyayena suka yi min.

Allah ya ba da zaman lafiya ƙanwata. Wannan kam sai an yi haƙuri da ni dan zan faɗi abin da wasu ba sa so. Duk abin da kika jera a fili kin ɗauki alkawarin goge shi ne har ranar da ya fashe. Fulawoyin roba, 'yan kwalabe a kan madubi, kuloli saiti uku a saman kabad, labule ninki biyu, kafet daga bango zuwa bango a garin da ke da ƙura wata huɗu a shekara. Ba na ce ki zubar ba, ba kuma na ce ki kwashe ranar da dangi ke zuwa ganin ɗaki ba. Amma in an kwana biyu baƙi sun ragu, abin da ba kya amfani da shi ki mayar cikin kwalinsa ko cikin kabad mai gilashi inda za a gani ba tare da ƙura ta hau ba, kayan kan madubi ki tara su a tire ɗaya yadda za ki ɗaga sau ɗaya ki goge ki mayar. Umma da ta saya miki ta fi son su daɗe da kyansu ai.

Kyankyasai da ɓeraye fa? Kullum cikin share kashinsu nake.

Abinci da ruwa ke kawo su, in kwanuka suna kwana ba wanki kuma kwandon shara a buɗe a kicin to ko wane magani kika sa za su dawo. Hatsi da gari su koma cikin roba ko durom mai murfi, a toshe ramuka da siminti, a sa raga a bakin rariya. Shi ɓera kuma lamarinsa ya wuce ƙazanta, ta fitsarinsa da kashinsa ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, kuma da rani ya fi tashi. Dan haka in kin ga kashin ɓera kar ki share shi a bushe ƙurar ta tashi ki shaƙa, ki jiƙa wurin da ruwan bilic tukuna, ki sa leda a hannu ki kwashe, ki wanke hannu da sabulu.

Hajiya, ni gwauro ne, ɗaki ɗaya gare ni amma ya fi ƙarfina.

Malam ɗaki ɗaya fa? Sayi kwandon kayan wanki ka daina jibga su kan kujera, ka wanke kwanon da ka ci indomi kafin ka kwanta, ka gyara shimfiɗa da ka tashi. Ranar Juma'a kafin masallaci ka ɗaga katifa ka share ƙarƙashi.

Yarana maza ne duka, babansu ya ce shara aikin mata ne. Ni kaɗai nake komai.

Sannu 'yar uwa, wannan shi ne babban abin da ke hana aikin sauri, duk dabarun da na lissafa ba za su kai hannu biyu da aka ƙara miki ba. Ki lallaɓa maigidan cikin sanyin murya, ki tuna masa Nana A'isha da aka tambaye ta abin da Annabi (SAW) yake yi a gida cewa ta yi yana taya iyalinsa hidima, in lokacin sallah ya yi ya fita. Su kuma yaran nan gobe makarantar kwana za su tafi ko bautar ƙasa, can babu Umma.

Ki ba kowa aikinsa da sunansa, kar ki ce "ku gyara gidan nan" dan ba wanda zai motsa. Ɗan shekara 4 zai iya tattara kayan wasansa da jera takalma, ɗan shekara 7 ya share tsakar gida ya cika butoci, babban ya kai shara bola ya wanke banɗakinsu, amma bilic da maganin masai ke za ki riƙa zubawa da hannunki ki kuma ɓoye su inda ƙanana ba sa kaiwa, kar a taɓa juye su cikin robar lemo. In sun yi bai fita ba kar ki karɓe ki sake a gabansu, gobe ba za su taɓa ba. Manyan ayyuka irin su kwashe kwata, wanke labule da ɗaga kujeru ki tara su sai Asabar ɗin ƙarshen wata, a Kano dama ranar tsaftar muhalli ce ana taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, babansu ma yana gida ba shi da inda za shi, sai ki miƙa masa shebur.