Sawun kabon: sawun wa ake aunawa?

Tun bayan ambaliyar 2024, wadda ta shafi kusan mutum miliyan 2 a Chadi, da wuya a rufe shirin muhalli a rediyo ba a ambaci "sawun kabon" ba. Ma'anar ba ta da wuya. Jimillar iskar da ke ɗumama duniya ce wadda rayuwar mutum ta jawo aka saki: man da ya ƙona, wutar da ya sha, simintin gidansa, kayan da ya saya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake amfani da kalmar a nan Injamena da ƙetaren kogi a Kusiri ta Kamaru.

Da an ce sawun kabon, sai mai sharhi ya nufi murhu. Mai tuyar ƙosai a bakin titi, mai gasa kifi, matar da ke fifita gawayi da marfin tukunya, su ne misalinsa kullum, don hayaƙinsu ido na gani. To, ita iskar kabon ba ta da launi. Litar man dizal ɗaya idan ta ƙone tana sakin kimanin kilo 2.7 na iskar kabon. Gidan da janaretonsa ke shan lita 20 a dare don na'urorin sanyaya ɗaki su kwana suna aiki ya saki sama da kilo 50 kafin asuba, kuma duk abin da mai wucewa zai ji bai wuce ƙara daga bayan katanga ba. Babu wanda ya taɓa kawo wannan gidan misali a rediyo.

Mun ga inda irin wannan tunanin ke kaiwa. A farkon 2009 gwamnatin marigayi Idriss Déby ta tsananta haramcin gawayi, da hujjar kwararowar hamada. Hujjar ba ƙarya ba ce, itatuwan da ke kewaye da birnin suna ƙarewa. Amma wa ya ji a jikinsa? Mai hali dama da tukunyar iskar gas yake girki, dokar ba ta taɓa shi ba. Talaka kuwa aka ce masa ya koma gas, alhali kuɗin tukunyar kaɗai ya fi ƙarfinsa. Makamashi ya yi tashin gwauron zabi, wasu gidajen suka koma busasshen kashin shanu, wasu har tsofaffin kujeru suka farfasa don tuwo ya nuna. An hana abin da ake gani, an bar wanda ba a gani.

Ruɗani na biyu ya fi wayo, shi ne na manyanmu a tarukan duniya. Sukan ce Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa ba, ɗan Chadi bai kai kashi ɗaya cikin biyar na tan guda a shekara ba, ɗan Amurka kuwa kimanin tan 14. Duk gaskiya ne. Sai dai wannan "ɗan Chadin" na lissafi ba shi da gida ko unguwa. Kamar a ce Alhaji ya cinye rago shi kaɗai, maƙwabta tara sun kwana da yunwa, sai mai lissafi ya rubuta cewa kowa ya samu kasonsa. Wancan janareton na sama, cikin dare uku ko huɗu ya cinye kason shekara na mutum guda. Mai janareton kuma idan ya hau mimbari a taro sai ya ce "mu talakawan duniya". Haka ma maganar dabbobi: wancan adadin na ɗan Chadi bai haɗa da iskar da shanu ke fitarwa ba, wadda ita ce babban kaso a Chadi, kuma kowa ya san ba kowane garke ne na makiyayin da ke binsa da sanda ba.

Masanin tattalin arziki Lucas Chancel ya auna abin. A 1990 kusan kashi biyu cikin uku na bambancin sawun mutanen duniya tsakanin ƙasa da ƙasa yake. Zuwa 2019 lamarin ya juye, kusan kashi biyu cikin uku ya koma cikin ƙasashe, tsakanin mai shi da marar shi. Ƙungiyar agaji ta Oxfam kuma ta ce, a lissafin 2019, mafiya arziki, kashi 1 cikin 100 na mutanen duniya, sun saki daidai da abin da mutum biliyan 5 mafiya talauci suka saki.

Akwai wani gefen da masu fafutuka ba sa son a taɓo. A ƙasa irin tamu, idan aka rage gibin arziki, hayaƙi zai iya ƙaruwa da farko. Kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke da lantarki a Chadi. Ranar da kuɗi ya shiga hannun manomin Bongor ko masuncin Yagwa, babur zai saya, ya sa kwano da siminti, ya nemi firji don kifinsa kada ya ruɓe. Sawunsa zai faɗaɗa, kuma ni ban ga laifi a ciki ba. Ƙaramin sawun da muke alfahari da shi a taro, yawancinsa duhu ne da tafiyar ƙasa. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya lissafa cewa fitar da mutum sama da biliyan ɗaya daga talauci zai ƙara hayaƙin duniya da abin da bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 ba.