SuperSport: tashar wasanni da hanyoyin kallonta ta intanet

SuperSport rukunin tashoshin talabijin ne na wasanni zalla, mallakin kamfanin MultiChoice na ƙasar Afirka ta Kudu, hedikwatarsu tana Randburg a birnin Johannesburg. Duk wanda ya taɓa zama kan benci a gidan kallon ƙwallo a Kano ko Kaduna ko Jos ya san tambarin nan ko da bai san tarihinsa ba, domin kusan ta nan ake kallon Firimiyar Ingila da La Liga da gasar zakarun Turai a yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara masu amfani da Ingilishi.

Asalinta ba tasha ba ce mai zaman kanta. A 1988 ta fara a matsayin wani ɗan shirin wasanni a cikin tashar M-Net, wadda ita kanta a 1986 aka buɗe ta, sai da MultiChoice ya ƙaddamar da DStv ta tauraron ɗan adam a 1995 sannan SuperSport ta samu filin kanta ta fara haihuwar tashoshi ɗaya bayan ɗaya. A can gida zari-ruga da kurket suna da kasuwa sosai, shi yasa har yau zaka ga tashoshi sukutum an ware musu, mu kuwa nan wucewa kawai muke da rimot.

Ƙarfin SuperSport gaba ɗaya a haƙƙin nuna wasa yake. Masu gasa irin Firimiya sukan sayar da izinin haska wasanninsu yanki-yanki na wasu shekaru, wanda ya fi zuba kuɗi shi ke ɗauka, kuma da zarar ka riƙe Firimiya to ka riƙe wuyan masu kallo. An ga haka a Najeriya a 2007 lokacin da HiTV, kamfanin gida na Toyin Subair, ya ƙwace haƙƙin Firimiya, masu gidajen kallo dole suka ruga sayen dikodarsa, amma da SuperSport ta dawo da abinta a 2010 ba a jima ba HiTV ya durƙushe. A 2007 ɗin dai ta karɓe gasar ƙwallon Afirka ta Kudu daga hannun gidan talabijin na gwamnati SABC kan rand (kuɗin ƙasar) biliyan 1.6 na shekara biyar. Har kulob ta taɓa mallaka, SuperSport United na Pretoria, wanda ya ci kofin lig sau uku a jere daga 2008 zuwa 2010 ƙarƙashin koci Gavin Hunt. Ta kuma daɗe tana haska gasar Najeriya kafin ta janye, a 2023 StarTimes ta ƙulla yarjejeniya da gasar.

A da da lamba ake kiran tashoshin, tsofaffin ƴan kallo har yanzu bakinsu bai daina cewa a kai Super 3 ba idan Arsenal ko Man U za su taka. A watan Satumban 2020 aka sauya musu suna kowace da abin da take nunawa, akwai ta Premier League, ta La Liga, ta Football, sai Grandstand mai tattara manyan wasannin rana, Blitz ta labarai da taƙaitattun wasanni, Maximo kuma da harshen Fotugis saboda Angola da Mozambik. Yawan tashar da mutum zai samu ya danganta da kunshin da ya biya, a DStv ta Najeriya daga Premium a sama sai Compact Plus, Compact, Confam, Yanga har Padi a ƙasa. Ga kuma GOtv da aka fito da ita a 2011, ita eriya take amfani da shi ba dish ba, ta fi sauƙin kuɗi amma tashoshin wasanta ba su kai na DStv ba.

Dish ɗin nan yana da wata lalura da kowa ya sani, da hadari ya haɗu ruwa ya sauko sai hoto ya fara karyewa ya daskare, allo ya rubuto E48-32, wato sigina ta ɗauke, kuma abin haushin sai ana dab da bugun fenariti yake faruwa. Idan kuwa E16 ka gani to ba ruwan sama, kuɗinka ne ya ƙare.

Ɓangaren intanet kuma hanya biyu kamfanin MultiChoice ya bi. Ta farko manhajar da aka fara sani da DStv Now, daga baya ta koma DStv Stream, tana ba mai biyan kuɗi damar kallon tashoshinsa a waya ko kwamfuta ko talabijin mai haɗi da intanet. Mutane suka mayar da abin gayya, mutum ɗaya ya biya ya rarraba fasuwod ga ƙanne da abokai, to a watan Maris na 2022 kamfanin ya taƙaita kallon zuwa na'ura ɗaya a lokaci guda, aka yi ta guna-guni. Ta biyu ita ce Showmax da aka buɗe a 2015 don fina-finai, a 2020 aka ƙara mata Showmax Pro mai wasanni kai tsaye daga SuperSport, sannan a Fabrairun 2024 aka sake mata fasali tare da kamfanonin talabijin NBCUniversal na Amurka da Sky na Birtaniya, inda aka fito da wani tsari na Firimiya kaɗai wanda a lokacin sai a waya ake kallonsa. Dabarar a fili take, matashin da ba shi da dikoda ba shi da tabbacin wuta amma yana da waya a aljihu shi aka nema.

Sai dai kallo ta intanet yana shan data kamar me, wasa ɗaya na minti casa'in da hoto mai kyau zai iya lashe fiye da gig guda, ga kuma jinkiri, kana tsaka da kallon an ɗauko kwana sai kaji ihun gidan kallon bayan layi ya tashi, an riga an ci tun kafin ƙwallon ta iso wayarka. Ga masu satar sigina da shafukan kallon kyauta da kamfanin ya daɗe yana kuka da su.

Batun farashi kuwa rigima ce da bata ƙarewa a Najeriya, kamfanin yana cewa da dala yake sayen haƙƙin wasa naira kuma tana faɗuwa, masu kallo suna cewa a basu tsarin biyan iya abin da suka kalla, ƴan majalisa ma sun sha tsoma baki. A Nijar da sauran ƙasashe renon Faransa kuma tashar Canal+ ta Faransa ce ke riƙe da kasuwar ƙwallo, kuma ita ɗin ce ta karɓi ragamar MultiChoice a watan Satumban 2025, wato yanzu mai kallo a Maraɗi da mai kallo a Katsina gida ɗaya kuɗinsu ke shiga.