Waiwaye: Rigimar kwatabak a San Francisco 49ers, daga Montana zuwa Purdy

A ƙwallon Amurka, kwatabak shi ne madugun hari. Shi ke karɓar umarnin koci ta na'urar da ke cikin hular kwanonsa, ya duba tsayuwar 'yan tsaron abokan hamayya, sannan ya jefa ƙwallo ko ya miƙa wa mai gudu. Ba a yi masa karɓa-karɓa kamar sauran 'yan wasa, kuma a atisayen mako shi ke cinye kusan duk lokacin aiki da 'yan sahun farko. Saboda haka ƙungiyar da ta samu ƙwararru biyu a wannan matsayi ta samu rigima, kuma San Francisco 49ers ta fi kowa sanin haka.

Joe Montana ya ci wa ƙungiyar kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL ta ƙwararrun ƙwallon Amurka, sau huɗu, amma tun 1987 koci Bill Walsh ya ɗauko Steve Young daga Tampa Bay ya ajiye a benci. Rauni ne ya raba gardama. Ciwon gwiwar hannu ya hana Montana buga kakar 1991 da kusan duk ta 1992, kuma a 1992 ɗin Young ya zama gwarzon ɗan wasan gasar NFL. A 1993 aka sallama Montana ga Kansas City, magoya baya na ta ƙorafi. Bakinsu bai mutu ba sai a Janairun 1995, lokacin da Young ya yi jifa shida da suka kai ga ci, aka doke San Diego 49 da 26 a Super Bowl.

Wancan zaman na shekara shida da taurari biyu a gida ɗaya zai yi wuya a sake ganinsa, domin a 1994 NFL ta ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi. A lokacin dala miliyan 34.6 ne, a 2025 ya kai miliyan 279.2. Ga yadda lissafin yake: kuɗin sa hannu da aka biya ɗan wasa nan take, a takarda ana raba shi kan shekarun kwantiragin, har zuwa biyar. Idan aka kore shi kafin wa'adi, ragowar da ba a lissafa ba sai ta faɗo wa ƙungiya, ta ci gurbin albashin wasu alhali shi ya tafi. Denver ta ɗanɗana wannan a 2024, da ta sallami Russell Wilson ta ɗauki nauyin dala miliyan 85. Sai kuma yarjejeniyar 2011 tsakanin NFL da ƙungiyar 'yan wasa ta rage kuɗin sabbin shiga, wato waɗanda ƙungiyoyi ke zaɓa bi da bi daga jami'o'i kowace shekara: Sam Bradford, zaɓi na farko a 2010, ya samu tabbacin miliyan 50, Cam Newton da ya biyo shi ya samu kusan miliyan 22 na shekara huɗu. Daga nan matashin kwatabak mai arha ya zama kadara.

A Nuwamban 2012 Alex Smith yana wasa mai kyau sai ya bugu a ka a karawa da St. Louis Rams. Ya warke, amma koci Jim Harbaugh ya bar Colin Kaepernick a wurin. Ƙungiyar ta kai Super Bowl, Baltimore ta cinye ta 34 da 31, shi ma Smith aka tura shi Kansas City.

Inda lissafi ya fi karkacewa shi ne zamanin koci Kyle Shanahan. A 2017 an karɓo Jimmy Garoppolo daga New England, a 2018 aka ba shi kwantiragin dala miliyan 137.5 na shekara biyar. Ya kai su Super Bowl a Fabrairun 2020, amma yawan rauni ya sa shugabanni suka daina sakin jiki da shi. A 2021 suka ba Miami gurbinsu na 12 a zaɓen sabbin shiga, da zaɓen zagayen farko na 2022 da na 2023, da ƙarin na zagaye na uku, don su hau gurbi na uku su ɗauki Trey Lance. Matsalar a fili take: Lance bai buga wasanni da yawa a jami'a ba, yana bukatar a bar shi ya yi kuskure ya koya, ita kuwa ƙungiya mai neman kofi a bana ba ta da wannan haƙurin. Da aka ba shi ragama a 2022, ya karye a idon sawu a mako na biyu. Garoppolo ya dawo, shi ma ya karye a ƙafa a Disamba. Sai Brock Purdy, wanda aka ɗauka na 262, na ƙarshe ƙat a zaɓen shekarar, ya shiga ya riƙe wurin. A Agustan 2023 aka bai wa Dallas Lance kan zaɓen zagaye na huɗu, bayan ya fara wasa huɗu kacal. A ganinmu arhar Purdy ce ta rufa wa shugabannin asiri, domin albashinsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba, rarar kuma ta tafi wajen riƙe irin su Nick Bosa da Trent Williams. Da wannan tawagar aka kai Super Bowl a Fabrairun 2024, Kansas City ta yi nasara 25 da 22 bayan ƙarin lokaci.

Arha dai tana da wa'adi. Bayan kakar 2024, wadda suka ci wasa 6 aka ci su 11, muhawara ta koma kan ko Purdy ne gwani ko kuwa tsarin Shanahan da taurarin da ke kewaye da shi. Ƙungiyar ta rabu da wasu manyan 'yan wasa, ciki har da Deebo Samuel da ya koma Washington, sannan a Mayun 2025 ta ba Purdy dala miliyan 265 na shekara biyar. Kakar 2025 ba ta yi nisa ba ya ji ciwo a yatsan ƙafa, Mac Jones da aka ɗauko da ƙaramin kwantiragi ya riƙe wurin ya ci wasanni, masu sharhi suka sake tayar da tsohuwar tambayar.