Tsofaffin Katunan Besbol a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi kan Sha'awa, Jari da Gado

A watan Agustan 2022 wani kamfanin gwanjo mai suna Heritage Auctions ya sayar da ɗan katin kwali guda ɗaya, wanda bai wuce tafin hannu ba, a kan dala miliyan 12.6. Hoton Mickey Mantle ne a jikinsa, ɗan wasan ƙungiyar New York Yankees, kuma kamfanin Topps ne ya buga shi a 1952 domin yara masu sayen cingam. Wanda ya sayar da shi ya saye shi ne a 1991 a kan dala 50,000. Duk wanda ya ji wannan labari tambayoyi za su taso masa, kuma waɗannan su ne suka fi muhimmanci.

Mene ne katin besbol, kuma daga ina ya samo asali?

Besbol wasa ne da ake buga ƙwallo da kulki, kuma Amurkawa sun daɗe suna ɗaukarsa a matsayin wasan ƙasarsu. Katinsa kuwa ɗan kwali ne mai ɗauke da hoton ɗan wasa a gaba, a bayansa kuma akwai talla ko bayanin bajintar da ya yi a fili. Tun a shekarun 1880 kamfanonin taba suka fara cusa irin waɗannan katuna cikin kwalin sigari, domin kwalin ya yi ƙarfi kada karan sigari ya karye, domin kuma mai saye ya riƙa komawa yana neman hoton da bai samu ba. Daga baya masu alewa da cingam suka karɓi sana'ar. Kamfanin Goudey na birnin Boston ya fitar da jeri mai katuna 240 a 1933, Topps kuma ya fitar da mai 407 a 1952, ya saye abokin hamayyarsa Bowman a 1956, sannan ya riƙe kasuwar kusan shi kaɗai har zuwa 1981. Masu harkar sukan kira kati tsoho idan an buga shi kafin wajajen 1980.

Me ya sa abin da aka bayar kyauta cikin cingam ya koma na miliyoyi?

Domin babu wanda ya ɗauke shi da daraja a lokacinsa. Yaran shekarun 1950 sukan ɗaure katunansu da roba, su cusa a aljihun wando, su yi wasan jifa da su a jikin bango, ko su maƙala su a tayar keke don ta riƙa ƙara kamar babur. Da yaro ya girma ya bar gida, sai uwarsa ta share ɗaki ta zubar da kwalin takalmin da katunan ke ciki. An buga su da yawa, amma kaɗan suka tsira, waɗanda suka tsira ba tare da lanƙwasa ko tabo ba kuwa ana iya ƙirga su.

Katin Mantle na 1952 yana da nasa labarin daban. Lambarsa 311, kuma yana cikin kason ƙarshe na jerin wannan shekara, wanda ya fito a makare, lokacin da kakar wasa ke ƙarewa, hankalin yara kuma ya koma wani wuri. Kaya suka yi kwantai a sito shekara da shekaru. Sy Berger, ma'aikacin Topps da ya tsara jerin, ya sha ba da labarin cewa wajajen 1960 ya ɗora ragowar akwatunan a jirgin ruwan shara aka juye su cikin Tekun Atlantika. Bayan shekaru talatin, yaran da suka taɓa riƙe waɗannan katuna sun zama manyan mutane masu kuɗi, suna neman abin da zai tuna musu da ƙuruciya, sai buƙata ta yi yawa, kaya kuma babu.

Ana yawan ambaton katin Honus Wagner. Me ya bambanta shi da saura?

Wagner gwarzon ƙungiyar Pittsburgh Pirates ne, katinsa kuma yana cikin jerin da ake kira T206, wanda kamfanin American Tobacco ya rarraba daga 1909 zuwa 1911, mai katuna 524. An dakatar da buga nasa tun da wuri saboda bai amince ba. Wasu sun ce ba ya son yara su sayi sigari saboda hotonsa, wasu kuma sun ce batun biyan kuɗi ne ya haɗa shi da kamfanin. Ko ma mene ne dalili, waɗanda aka sani suna hannun mutane a yau ba su wuce 'yan gommai ba. An sayar da guda a 2021 a kan dala miliyan 6.6, wani kuma a 2022 a kan miliyan 7.25.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a tarihin wannan kati shi ne na wasu mata masu hidimar coci, 'yan ƙungiyar School Sisters of Notre Dame a birnin Baltimore. Ɗan'uwan ɗaya daga cikinsu ya rasu ya bar musu dukiyarsa, a cikin akwatin ajiyarsa na banki kuma aka tarar da katin Wagner wanda ya sha wahala ƙwarai: ya lanƙwashe, an datse gefunansa, an kuma lulluɓe shi da leda mai manne. Duk da haka ya kawo musu sama da dala 200,000 a 2010, suka sa kuɗin cikin ayyukan taimakon da suke yi. Wannan na cikin wuraren da lalacewar kati ba ta kashe kasuwarsa ba, saboda ƙarancinsa ya wuce misali.

Wa ke tantance ingancin kati, kuma za a iya dogara da shi?

Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, mafi shahara su ne PSA, wanda aka kafa a 1991, da SGC, da Beckett. Mai kati yakan aika musu da shi, su tabbatar ba jabu ba ne, sannan su duba abu huɗu: kaifin kusurwoyi, lafiyar gefuna, tsabtar fuskar katin, da yadda hoton ya zauna daidai a tsakiya. Daga nan sai su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin gidan roba mai tauri da lambar shaida a sama. Tazarar maki ɗaya tak tana iya ninka farashi sau da yawa, katin Mantle da aka ambata a farko kuwa 9.5 SGC ya ba shi. Wanda bai saba ba zai ɗora katuna biyu a kan tebur ya rantse iri ɗaya ne, alhali ƙwararre da gilashin ƙara girma ya riga ya hango wani ɗan fari-fari a kusurwa guda, wanda shi kaɗai ya isa ya zabtare rabin kuɗin.

Sai dai tantancewar ba ta tsira daga kuskure ba, kuma wannan ya bayyana tun daga tushe. Katin farko da PSA ya tantance shi ne na Wagner wanda shahararren ɗan wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara Wayne Gretzky da abokinsa Bruce McNall suka saya a 1991 a kan dala 451,000, aka ba shi maki 8. An shekara sama da ashirin ana raɗe-raɗin cewa an taɓa shi, har sai 2013, lokacin da dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotun tarayya cewa ya datse gefunan katin domin ya yi kyau. Babban laifin da aka kama shi da shi kuwa shi ne sa mutane su riƙa taya kaya na ƙarya a gwanjonsa don farashi ya hau, aka yanke masa hukuncin ɗaurin wata 20 a 2015. A ganina makin da ke kan roba yana rage haɗari ƙwarai, amma bai ɗauke wa mai saye nauyin ya koyi duba kati da idonsa ba.

To, harka ce da mutum zai zuba jarinsa?

Da sharaɗi, kuma sharaɗin mai nauyi ne. Kati ba ya haihuwa: ba ya kawo kuɗin haya kamar gida, ba ya kawo ribar shekara kamar hannun jari, ribarsa ɗaya ita ce a samu wanda zai saya fiye da yadda aka saya. Ga kuɗin tantancewa, ga inshora, ga la'adar kamfanin gwanjo, wadda takan kai wajen kashi 20 cikin ɗari a ɓangaren mai saye. A Amurka kuma harajin ribar irin waɗannan kayan tarawa yana iya kai wa kashi 28 cikin ɗari, sama da na hannun jari.

Tarihi ya riga ya nuna inda mutane suka faɗa. A ƙarshen shekarun 1980, da labari ya bazu cewa tsofaffin katuna suna kawo kuɗi, iyaye suka riƙa sayen sababbi kwali-kwali suna ɓoyewa ba tare da sun buɗe ba, da niyyar biyan kuɗin jami'ar 'ya'yansu. Kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, suka buga babu ƙaƙƙautawa. Tunda kowa ya adana nasa cikin tsabta, babu abin da ya yi ƙaranci, shi ya sa yawancin katunan 1987 zuwa 1994 a yau ba su kai kuɗin aika su ta gidan waya ba. Haka kuma a lokacin annobar korona, 2020 zuwa 2021, farashi ya yi tashin gwauron zabo, sannan da yawa suka sauko daga 2022, musamman katunan 'yan wasan zamani. Waɗanda suka fi jure wa faɗuwar kasuwa su ne tsofaffin katunan manyan gwaraza da tarihi ya gama yanke hukunci a kansu, irin su Babe Ruth, Ty Cobb, Jackie Robinson, Willie Mays da Hank Aaron.

Wanda ya gaji akwatin katuna bai san kansu ba, da me zai fara?

Ya fara da barin su yadda ya same su. Kada ya goge su, kada ya danne su da dutsen guga, kada ya gyara gefe da almakashi, kada kuma ya ɓamɓaro wanda aka manna a littafi. Ya raba su da rana da danshi, ya ɗauki hoton gaba da baya na waɗanda suka fi tsufa, ya nemi ra'ayin ƙwararru fiye da ɗaya. Kuskuren da magada suka fi yi shi ne sallama wa dillalin farko da ya zo ya yi tayin kwashe akwatin gaba ɗaya, domin sau da yawa kati biyar ko goma ne ke ɗauke da kusan duk darajar dubban da ke ciki, kuma dillalin ya san waɗanne ne.

Yaya iyali za su raba abin da ba ya rabuwa?

Misalin da ya fi koyarwa ya faru a garin Defiance na jihar Ohio a 2012. Wasu jikoki suna kwashe kayan tsohon gidan kakansu, mai sana'ar fawa da ya rasu tun shekarun 1940, sai suka ci karo da wani akwati da ƙura ta rufe a ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashin rufin gidan. A ciki akwai katuna kusan 700 na wajajen 1910, an ɗaure su da zare, irin waɗanda ake bayarwa tare da alewa, har da na Cobb da Wagner da Cy Young, launinsu garau kamar jiya aka buga su. Magada ashirin ne. Ba su yi gaggawa ba: sun kai wa ƙwararru aka tantance, suka amince a raba daidai, aka kuma tsara sayarwa kaɗan-kaɗan don kada yawan kayan ya karya farashi. Kason farko mai katuna 37 ya kawo sama da dala 500,000.

Dokar haraji ta Amurka ma tana taimakon magaji a nan. Idan, alal misali, uba ya sayi kati a kan dala 100 ya rasu yana da darajar 10,000, ana lissafa ribar magaji ne daga darajar ranar rasuwa, saboda haka yana da amfani ƙwarai a sa ƙwararre ya yi wa kayan kuɗi a rubuce tun a lokacin. Babban nauyin dai yana kan mai tarawa tun yana raye. Shi ya san wane kati ne na gaske, wane ne kwafi, nawa ya saya, kuma wanne ne mahaifinsa ya saya masa ranar da suka fara zuwa kallon wasa tare. Idan bai rubuta wannan ba, bai kuma zaunar da 'ya'yansa ya nuna musu ba, zai bar musu kwali ne kawai da zargin juna.

Akwai sauran wuri ga wanda yake son abin don sha'awa kawai?

Akwai, kuma shi ne mafi faɗi. Katunan 'yan wasan da ba su yi suna ba na shekarun 1950 da 1960, masu ɗan lanƙwasa, ana samunsu da 'yan daloli kaɗan, mutane da yawa kuma sukan shafe shekaru suna cike jerin shekarar haihuwarsu ko na ƙungiyar garinsu, kati bayan kati. Mutumin da ya aza harsashin wannan fanni ma ba attajiri ba ne. Jefferson Burdick ma'aikacin wata masana'antar kayan lantarki ne a birnin Syracuse na jihar New York, kuma shi ya ƙirƙiro tsarin haruffa da lambobi da ake amfani da shi har gobe, inda T ke nufin katunan taba na ƙarni na 20, E kuma na alewa, daga nan sunan T206 ya fito. Ya ba gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York kyautar duk abin da ya tara, sama da guda 300,000, wajen 30,000 daga ciki na besbol. Da hannunsa, duk da ciwon gaɓoɓin da ya nakasa masa yatsu, ya shafe shekaru yana jera su cikin manyan littattafai, ya kammala a farkon 1963, ya rasu bayan 'yan makonni. Katin Wagner ɗinsa yana nan a gidan tarihin.